Na nemi aiki a wurare sun fi saba'in, da aka kira ni na kasa tuna ko wanne ne

Assalamu alaikum. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, ina zaune a Funtuwa. Na yi HND a fannin akanta, na gama bautar ƙasa wata 14 da suka wuce. Tun daga lokacin nake neman aiki ta waya, duk tallan da aka turo a zaurukan WhatsApp sai na cike. A ƙiyasina na nemi wurare sun fi saba'in. Makon jiya wata mata ta kira ni daga wani kamfani a Kaduna, ta ce sun ga takarduna, ta tambaye ni me ya ja hankalina ga gurbin. Wallahi ban tuna kamfanin ba, ban tuna gurbin ba, na yi ta in-ina har ta ce za su sake kira. Ba su kira ba. Kafin wannan ma wata ƙungiya ta turo mini gayyatar jarrabawa ta imel, ban gani ba sai da ranar ta wuce da kwana tara. Imel uku gare ni, ɗaya na manta kalmar sirrinsa. Yayana ya ce in ƙara yawan wuraren da nake nema, ni kuwa kaina ya ɗaure. Ina mafita?

Wata mai karatu daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mun tausaya miki, don kira ɗaya bayan wata goma sha huɗu ba ƙaramin abu ba ne a rasa. Amma ki lura da abin da wasiƙarki ta nuna: wurare biyu sun karanta takardunki sun neme ki. Ke nan takardun suna magana. Abin da ya lalace shi ne hanyar da amsa za ta bi ta same ki a shirye. Yayanki alheri yake nufinki da shi, amma in kika ƙara yawan nema a kan wannan tsarin, kira na uku da na huɗu ma haka za su wuce. Shawararmu ki dakatar da neman sabon gurbi na kwana uku cur, ki yi gyaran da za mu bayyana, sannan ki ci gaba.

Ki fara da imel. Cikin ukun ki zaɓi ɗaya, wanda yake ɗauke da sunanki na gaskiya kamar yadda yake a takardun makaranta, ba laƙabi ko sunan wasa ba. In babu mai irin wannan suna, ki buɗe sabo, ki keɓe shi don neman aiki kaɗai: kada ki yi rajistar Facebook ko TikTok da shi, don saƙonninsu ne suke binne na masu ɗaukar aiki. Sauran biyun ba za ki watsar da su ba, tunda wurare saba'in suna riƙe da su. Wanda kike iya shiga, ki saita shi ya riƙa tura duk saƙon da ya shigo zuwa wanda kika keɓe don neman aiki. A Gmail ana yin wannan a sashen Forwarding na saituna, kuma ba ya fitowa a manhajar waya, sai a kwamfuta ko a burauza idan kin sa ta nuna shafi irin na kwamfuta. Wanda kika manta kalmar sirrinsa kuwa, ki gwada dawo da shi daga wayar da kika saba shiga da ita, da layin da kika yi rajistarsa da shi a ciki, domin Google ya fi yarda da na'urar da ya sani.

Gayyatar da ta wuce ki, ɗayan abu uku ne ya faru. Ko ta faɗa akwatin Spam, ko ta shiga sashen Promotions, wanda galibi waya ba ta yin ƙara idan saƙo ya sauka a cikinsa, ko kuma ta je imel ɗin da ba kya buɗewa. Masu ɗaukar aiki sukan aika saƙo ɗaya ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda, shi ya sa Gmail yake ɗaukarsa talla. Abin da ya zauna a Spam kwana 30 yana gogewa da kansa. Saboda haka sau biyu a rana, da safe da bayan la'asar, ki buɗe wurare uku da hannunki: babban akwati, Promotions, Spam. Minti biyar ya isa. Idan kin ga saƙon ƙwarai a Spam, ki danna cewa ba spam ba ne, ki adana adireshin a cikin lambobinki.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Google yana ba kowane asusu gurbin ajiya na 15GB kyauta, kuma Gmail da Drive da hotuna duk daga nan suke ci. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma tana shiga lissafin. Idan gurbin ya cika, sabon imel ba ya shigowa, yana komawa ga wanda ya aiko. Ki duba nawa ya rage miki, in ya kusa cika ki cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp ki goge manyan fayilolin da ba kya buƙata.

Lambar waya ma ɗaya. Ki zaɓi layin da ya fi sabis a gidanku, wanda aka yi wa rajista da sunanki aka haɗa da NIN ɗinki, shi za ki sa a ko'ina. Ki riƙa yin kira ko sa kati a kai a kai, domin layin da aka bari watanni ba a taɓa ba kamfanin waya yana iya kwashe shi ya sayar wa wani, sai lambobin tabbatarwa da gayyata su koma hannun baƙo. In kin kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗin, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata shaida daga wayarki, abin da muke ba ki shawara ki yi, ki sauke lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google yake bayarwa, ki rubuta su a takarda ki adana a gida, don ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa.

Yanzu ga babban aikin, wanda rashinsa ya sa kika yi in-ina: kundin nema. Wuri ɗaya ne da za ki rubuta kowane gurbin da kika nema, layi ɗaya ga kowane gurbi. Za ki iya yi a Google Sheets, tunda ke 'yar akanta ce jadawali ba baƙonki ba ne, kuma manhajar tana ba da damar a sa fayil ya buɗe ko babu data. Za ki iya yi kuma a littafi mai bango mai ƙarfi, ki buɗe shafi biyu ki ja layuka da rula. Littafi ba ya buƙatar caji, kuma idan ana magana da ke a waya ya fi sauƙin dubawa fiye da fayil ɗin da ke cikin wayar da ke kunnenki. Na waya kuma ya fi saurin bincike, ba ya ɓata. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Masu riƙe biyu sukan wayi gari kowanne rabi ne.

Abin da za ki rubuta a kowane layi: lambar layin, ranar da kika nema, sunan wurin, sunan gurbin daidai yadda suka rubuta shi, garin da aikin yake, inda kika ga tallan, ranar rufewa, ta wace hanya kika nema (imel, shafinsu, ko fom ɗin Google), wace CV kika tura, lambar shaidar nema in sun bayar, da matsayin da ake ciki. Sai fili na ƙarshe mai faɗi, wanda ya fi duka amfani: jimla biyu da kalmominki, me wurin yake yi, me ya sa kike ganin kin dace. Misali: kamfanin rarraba kayan abinci ne, suna neman mai riƙe littafin kuɗin shiga da fita da ya iya Excel, na yi irin wannan aikin a ofishin da na yi bautar ƙasa. Da kina da waɗannan jimloli biyu a gabanki ranar da matar nan ta kira, da amsarki ke nan.

Sunan gurbi mun ce daidai yadda suka rubuta, da dalili. Wuri ɗaya yakan tallata gurabe uku ko huɗu masu kama da juna, mataimakin akanta, kashiya, jami'in kuɗi, kowanne da aikinsa da albashinsa. Mai kira zai ambaci sunan da ke takardarsa, in naki ya bambanta za ki amsa tambayar gurbin da ba shi ake magana a kai ba.

A filin matsayi kada ki riƙa rubuta labari. Kalmomi shida sun isa: zan nema, na nema, an kira, jarrabawa, intabiyu, an rufe. Amfanin taƙaitawa shi ne da kallo ɗaya ki ga layuka nawa ne suke raye.

Ƙa'idar da ke riƙe kundin ita ce ki rubuta layin kafin ki danna maɓallin aikawa, ba bayan kin aika ba. Bayan aikawa hankali ya riga ya tafi ga talla na gaba, ko data ta ƙare, ko an kira ki a cikin gida, sai a ce gobe, goben kuma ba ta zuwa. In kin rubuta tukuna, abin da ya rage kawai ki canza "zan nema" zuwa "na nema", ki kwafe lambar shaida.

Sannan ki adana tallan kansa, ba adireshin shafinsa kaɗai ba. Da ranar rufewa ta wuce, yawancin wurare suna sauke tallan, kira kuma sai bayan mako uku, shida, wani lokaci wata uku yake zuwa. A lokacin za ki buɗe adireshin ki tarar babu komai, alhali tambayoyin intabiyu daga cikin wannan tallan ake ciro su. A burauzar Chrome ki zaɓi Share, sai Print, sai Save as PDF. In bai yiwu ba ki ɗauki hoton allo tun daga sama har ƙasa. Ki sa wa fayil ɗin lambar layinsa a kundi da sunan wurin, ki jefa a folda guda mai suna Tallace-tallace. Layi na 23 a kundi, fayil na 23 a folda.

Wurare saba'in na baya fa? Kada ki wahalar da kanki da tono su duka. Na wata biyu zuwa uku da suka wuce su ne ake sa ran kira daga gare su. Ki shiga kowane imel, a wurin bincike ki rubuta in:sent has:attachment, zai fito miki da duk saƙon da kika aika da takarda a maƙale. Ki sake bincika kalmomin da wurare suke amsawa da su, kamar application da received, kina farawa da in:anywhere don ya haɗa da Spam. Ki duba tarihin burauza don waɗanda kika cike ta fom. Abin da kika samu ki zuba a kundi ko da rabin bayani ne. Yini ɗaya zai ci, ki ba shi.

Ko da kundi, wata rana za a kira ki kina kasuwa ko kina tsakiyar girki. Babu laifi ko kaɗan ki ce: na gode ƙwarai da kiran, don Allah daga wane wuri ne, kuma wane gurbi? Ina wurin da ke da hayaniya, ko zan iya kiranku nan da minti goma? Mai ɗaukar aiki na ƙwarai ya san mai nema ba wuri ɗaya yake nema ba, kuma ya fi son wadda ta nemi minti goma ta dawo a shirye a kan wadda ta yi ta kame-kame. Ki rubuta sunan mai kiran, ki buɗe kundi, ki karanta tallan, ki kira a kan lokacin da kika faɗa. Kafin a ajiye waya ki tabbatar da rana, lokaci, adireshi, da takardun da za ki zo da su, ki roƙa a turo miki a rubuce.

Sai takardu. Ki yi musu sikanin sau ɗaya, mai kyau, ki daina ɗaukar hotonsu a kan katifa duk ranar da aka buƙata. Manhajar Google Drive tana da sikana a cikinta. Ki shimfiɗa takardar a fili mai haske da rana, ba inuwar hannu a kai. Waɗanda ake yawan nema: sakamakon WAEC ko NECO, takardun ND da HND, takardar kammala NYSC, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar NIN, shaidar kammala firamare wadda shafukan gwamnati suke yawan tambaya, da hoton fasfo mai farin bango. In kina da rajista ko wani mataki na jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ki haɗa. Kowace takarda ki ajiye ta iri biyu: cikakkiya a PDF, da ƙarama a JPEG. Hoton waya yakan kai 2MB zuwa 5MB, shafuka da yawa kuma suna ƙayyade 200KB ko ƙasa da haka, shi ya sa fom yake ƙin tafiya ba tare da ya faɗi dalili ba. Hanya mai sauƙi ta rage nauyi ita ce ki tura wa kanki hoton a WhatsApp a matsayin hoto, ki sake sauke shi, amma ki buɗe ki tabbatar ana iya karanta suna da lambobi. Ki haɗa duka kuma a PDF guda ɗaya, domin wasu wuraren fayil ɗaya tak suke karɓa. Sunan kowane fayil ya fara da sunanki, sannan abin da ke ciki. Wanda ya sauke fayiloli ɗari uku duk sunansu "my cv" ba zai tsaya neman naki ba.

Yayin da takardun suke shimfiɗe a gabanki, ki gwama sunanki da ranar haihuwarki a kan kowacce. A'isha a nan, Aishatu a can, Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko sunan mahaifi da na kaka sun sauya wuri: irin wannan yana fitar da mutum a ranar tantancewa bayan ya ci jarrabawa. Shafukan gwamnati da yawa yanzu daga NIN suke jawo bayananka kai tsaye. In akwai saɓani, yanzu ne lokacin gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko yin takardar rantsuwa a kotu, don gyaran yana ɗaukar lokaci, ba a yin sa a makon da suna ya fito.

CV kada ta wuce iri uku: ta aikin akanta a kamfani, ta ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa, da ta aikin ofis ko koyarwa in kina neman su. Ki kira su A, B, C, harafin da kika tura shi za ki sa a kundi. Ki ajiye asalin a Word don gyara, ki riƙa tura PDF da aka fitar daga Word ɗin, ba hoton takarda ba, domin manyan wurare suna da manhajar da ke karanta rubutun CV kafin mutum ya gani, hoto kuma yana iya zame mata fanko. Mutanen da kika sa a matsayin masu ba da shaida a kanki, ki nemi izininsu, ki tabbatar lambobinsu suna aiki, ki sanar da su duk lokacin da kika kai matakin intabiyu.

Shafukan ɗaukar aiki na gwamnati suna da nasu kaidin. Kowanne sai an buɗe asusu, kuma da yawa suna soke wanda ya cike sau biyu. Mai mantuwa kuwa shi ne yake cikewa sau biyu, ya manta ya yi, ya sake yi da wani imel. A kundi ki rubuta imel da lambar da kika yi rajista da su. Kalmar sirri ba a kundin za ta zauna ba, ki bar ta a ma'ajiyar kalmomin sirri ta wayarki ko a wata takarda daban a gida. In kin je kafe, ki zauna kusa da mai cikewa, ki tabbatar imel ɗinki da lambarki ya sa. Masu kafe da yawa, don sauri, nasu suke sawa, sai gayyatar jarrabawar kwamfuta (CBT) ta tafi wurin mutumin da ya cike wa mutum ɗari biyu, ba zai tuna da ke ba. Ki karanta fom ɗin kafin ya aika, ki buga takardar shaida kwafi biyu, ki ɗauki hotonta, ki fita daga imel ɗinki, ki sa ya goge takardunki daga kwamfutarsa a gabanki.

Ranar rufewa, ki sa ta a kalandar waya da tunatarwa kwana uku kafin ta, ki ɗauki wannan ranar tunatarwar a matsayin wa'adinki na gaskiya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani: a ranar ƙarshe ne shafi yake cunkushewa, sabis ya ɗauke, wuta ta ƙi zuwa. Wasu wuraren ma suna fara tantancewa tun kafin rufewa, suna sauke tallan da zarar sun samu isassu. In aikin na ƙungiyar waje ne, ki duba agogon wane gari aka rubuta. Nairobi tana gaban Najeriya da awa biyu, sha biyun darensu ƙarfe goma ne a Funtuwa. Accra da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya. Guraben Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da agogon New York suke rufewa, wanda ke bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Haka in an ba ki lokacin intabiyu ta Zoom ko Teams, ki tambaya a rubuce ko agogon Najeriya ake nufi, ki sauke manhajar ki gwada ta tun jajibiri, ki cika caji.

Game da yawa, ra'ayinmu ya saɓa da na yayanki. Guda biyar zuwa bakwai a mako, waɗanda kika karanta tallansu har ƙarshe, kika cika yawancin sharuɗɗansu, kika gyara wasiƙarki ta dace da su, sun fi ashirin da aka watsa. Ki raba makon gida biyu: ranakun nemo talla, inda za ki zuba su a kundi da alamar "zan nema" kawai, da ranakun zama ki cike, kina farawa da wanda zai riga rufewa. Haɗa biyun a zama ɗaya shi ne yake sa a kwashe awa uku ana zagaye a waya ba a aika komai ba. Wuraren dubawa ma ki taƙaita: Jobberman ko MyJobMag don kamfanoni, LinkedIn, ReliefWeb don ƙungiyoyin agaji, sai shafukan hukumomin da kike sha'awa. Ki saita sanarwar gurabe a biyu kaɗai, da kalmomin fanninki da garuruwan da za ki iya zama da gaske, Katsina, Kaduna, Kano, Zariya, ko Abuja in gida sun amince. Neman aikin garin da kin san ba za ki je ba ɓata layin kundi ne. Zaurukan WhatsApp ki bar biyu mafi inganci ki kashe ƙararsu, kuma duk tallan da aka turo ki nemi asalinsa a shafin wurin kafin ki taɓa shi, don tsofaffin tallace-tallace na bara suna ta yawo an goge musu kwanan wata.

Kundin zai kare ki daga 'yan damfara ma, kuma wannan yana damunmu ƙwarai game da 'yan mata masu nema su kaɗai ta waya. Saƙo zai shigo cewa an zaɓe ki intabiyu gobe ƙarfe takwas, babu sunan gurbi, wani lokaci babu sunan kamfani. Mai nema barkatai zai ce ƙila ɗaya ne daga cikin saba'in. Ke kuwa za ki buɗe kundi, in babu shi ki tambaya a ina suka samu takardunki. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, kuɗin gwajin lafiya, kuɗin horo ko na "gurbi" kafin aiki, ki yanke hulɗa da shi. Ɗaukar aikin hukumomin tarayya irin su Hukumar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, da CDCFIB mai ɗaukar jami'an shige da fice, sibil difens, kashe gobara da gidajen gyaran hali, kyauta ne, adireshin shafukansu kuma da .gov.ng yake ƙarewa, na soja da .mil.ng. Lambar BVN, lambar katin ATM, da lambar da banki ya turo miki ta saƙo ba su da hurumi a fom ɗin da aka turo ta WhatsApp. In an gayyace ki intabiyu, ki bincika adireshin, ki bar wa na gida sunan wurin da lambar mai kiran, in a ɗakin otal ne ko gidan wani kada ki je, in garin baƙo ne ki tafi da yayan naki.

Kowace Juma'a ko Asabar ki ba kundin minti ashirin. Wanda kika nema ta imel ya yi mako biyu da rufewa shiru, ki aika tuntuɓa sau ɗaya, layi uku, da sunan gurbin da ranar da kika nema, sai dai in tallan ya ce kada a tuntuɓa. Bayan intabiyu, saƙon godiya a ranar ko washegari, sannan tuntuɓa ɗaya in ranar da suka ce za a ji daga gare su ta wuce. Kamfanin da ya yi wata biyu shiru ki sa masa "an rufe" don ya daina cin zuciyarki, amma kada ki goge layin. Na gwamnati kuwa ki bar shi a buɗe, yakan ɗauki watanni da yawa. Bayan mako shida za ki sami layi talatin zuwa arba'in, a nan kundin zai fara gaya miki abin da ba wanda zai iya gaya miki: wace CV ce ake amsawa, wane shafi ne tallansa yake kai ga kira, wane irin gurbi ne ba a taɓa waiwayarki a kansa ba. In babu kira ko ɗaya, CV da zaɓin gurabe za a duba. In ana kira amma ba a wuce intabiyu, shiri za a ƙara.

Matar nan ta Kaduna kuma, kada ki yanke ƙauna tun yanzu. Lambarta tana nan a jerin kiran da suka shigo wayarki. Yau ki bincika imel ɗinki da kalmar Kaduna, ki gano kamfanin da gurbin, ki karanta abin da suke yi, ki rubuta jimlolinki biyu. Gobe tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe ki kira. Ki gaishe ta, ki faɗi cikakken sunanki da gurbin, ki ce ranar da ta kira ba ki kasance a shirye ba kuma kina ba da haƙuri, har yanzu kina son aikin, in da dama kina so ki amsa tambayar da ta yi miki. In ba ta ɗauka ba, ki tura wannan maganar a saƙo, sau ɗaya. Wataƙila sun riga sun ɗauki wani. In haka ne ki roƙe ta ta riƙe takardunki don gurbi na gaba, ki buɗe mata layi a kundi da sunanta da ranar da kuka yi magana. Allah Ya sa a dace.